Wa ke da iko da me: tsarin mulki da tarayya ga ɗaliban Katsina da Daura

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin Najeriya na tudu. A Jibiya da Kwangwalam kasuwanci ya tsaya cik, farashin shinkafa ya tashi, mutane suka riƙa cewa gwamna ya yi wani abu mana. Amma in ban da roƙo da ba da shawara, babu abin da gwamnan Katsina zai iya yi a dokance, domin kwastan da shige da fice ba sa cikin abin da kundin tsarin mulki ya ba jiha. A ɗaya gefen kuma, in bola ta taru a kasuwar Mashi ko maƙabarta ta cika a wani gari na Baure, babu dalilin kai kuka Abuja, don jadawali na huɗu na kundin ya ɗora kasuwa da shara da maƙabarta a kan ƙaramar hukuma. Ɗalibin da zai iya ɗaukar kowace matsala a garinsu ya faɗi wanda ke da iko da ita, da sashen da ya ba shi ikon, da wanda zai taka masa burki in ya wuce gona da iri, ya gane darasin nan. Wanda ya haddace sunayen gwamnonin Turawa da shekarunsu kawai zai ci jarrabawa, amma ranar da ake buƙatar ilimin ba zai amfane shi ba.

Abu na farko da ya kamata ku rarrabe shi ne mallakar kundi da kuma mulki bisa kundi. Kusan kowace ƙasa a duniya tana da takardar da ta kira tsarin mulki, har waɗanda shugabanninsu ke ɗaure mutane ba shari'a. Ingila kuwa ba ta da kundi guda da aka tattara wuri ɗaya, dokoki ne da hukunce-hukuncen kotu da al'adun da aka saba, kuma ba wanda zai ce gwamnatinta ba ta da iyaka. Ma'aunin shi ne: in kundi ya ce a'a, mai mulki kuma ya ce e, wa ke yin nasara? Sashe na 1 na kundin 1999 ya amsa a fili. Kundin yana sama da kowa da kowace hukuma, ba a karɓar mulki sai ta hanyar da ya tsara, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta ɓaci gwargwadon karon da ta yi. Shi ya sa duk lokacin da soja suka yi juyin mulki, irin wannan sashe suke fara dakatarwa, su ɗora dokar soja a samansa. A 1970 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da dokar da ta yanke masa hukunci ba tare da kotu ba. Gwamnatin ta mayar da martani da wata sabuwar doka, mai lamba 28 ta wannan shekarar, wadda ta shafe hukuncin. Ga bambancin nan ƙarara: kundin 1963 yana nan a rubuce a lokacin, amma ƙasar ba a kansa take tafiya ba.

Yawancin littattafan makaranta daga Ingila suke fara tarihin wannan tunani, sai ɗalibi ya ɗauka cewa iyakance ikon sarki baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Ba haka ba ne. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano ya kuma zo Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wajiban da ke kan sarki: ya saurari ƙarar talaka, ya naɗa alƙalai, ya tara dukiyar baitulmali ta hanyar halal, ya kashe ta inda ya dace. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa kan harajin da shari'a ba ta sani ba da gadon mulki ba tare da shawara ba. Ma'anar wannan ita ce akwai doka a saman sarki wadda ba shi ya yi ta ba, kuma ba shi da ikon sauya ta. A Katsina kuma sarki ba ya naɗa kansa, akwai masu zaɓen sarki: Kaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan tsari ya dogara ƙwarai da tsoron Allah na mai mulki da ƙarfin malamai da manyan fada. Babu zaɓen jama'a, babu wa'adin sauka, kuma alƙali sarki ne ya naɗa shi.

Abin da Turai da Amurka suka ƙara shi ne hanyoyin tilastawa. A 1215 manyan Ingila suka matsa wa Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta ce ba za a ɗaure ɗa, wato wanda ba bawa ba, sai bisa hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa. Ba ta yi wata uku ba aka soke ta, kuma ba talakawa ta fi karewa ba, amma ta kafa hujjar da aka yi ta komawa gare ta. A 1689 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta hana sarki sa haraji ko dakatar da doka ba da yardarta ba. A 1748 Bafaranshe Montesquieu ya bayyana cewa in mai yin doka da mai zartar da ita da mai yanke hukunci suka zama mutum ɗaya, 'yanci ya ƙare. Amurkawa suka ɗauki wannan suka rubuta shi a kundinsu a Filadelfiya a 1787, sannan a 1803 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da cewa kotu na iya soke dokar majalisa in ta saɓa wa kundi. Kundin Najeriya na 1979, wanda na 1999 ya gaji kusan dukkansa, daga wannan tsari na Amurka aka ɗauko shi.

A kundinmu sashe na 4 ya ba majalisa ikon yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, na 6 ya ba kotuna ikon shari'a. Raba aikin kaɗai bai isa ba, sai da aka sa kowane ɓangare ya riƙe wani abu da ɗan'uwansa ke buƙata. Majalisa ta zartar da ƙuduri, sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Yana da kwana 30, in ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya mayar da shi doka ba da shi ba. Shugaban ƙasa ke tsara kasafin kuɗi, amma ba zai taɓa ko kwabo ba sai majalisa ta amince. Shi ke zaɓen ministoci, Majalisar Dattawa ke tantance su. Haka yake tsakanin gwamna da majalisar jiha a kan kasafi da kwamishinoni.

Tsige gwamna misali ne da ya kamata ku san matakansa daki-daki, domin ya taɓa faruwa a gidanmu. A Yunin 1981, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, majalisar jiha da 'yan NPN suka fi yawa a cikinta ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. A kundin yanzu, sashe na 188 ne ya tsara hanyar. Sai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi sun miƙa wa kakaki. A majalisar Katsina mai kujeru 34 wannan mutum 12 ke nan. Kakaki yana da kwana 7 ya isar wa gwamna. Cikin kwana 14 majalisa za ta kaɗa ƙuri'a kan ko a bincika, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato mutum 23. Daga nan babban jojin jiha ne zai naɗa kwamitin mutum bakwai waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Kwamitin yana da wata uku. In ya ce ba a tabbatar da laifi ba, magana ta mutu. In ya ce an tabbatar, sai a sake samun kashi biyu cikin uku cikin kwana 14 kafin gwamna ya sauka. Inda ake yawan samun matsala shi ne wasu 'yan majalisa su tsallake mataki ko su taru a wani wuri da ba zauren majalisa ba. Abin da ya faru a Oyo ke nan a 2006, Kotun Ƙoli kuma ta soke tsige Gwamna Ladoja ta mayar da shi kujerarsa.

Kundi yana iya samun giɓi, kuma wani lokaci sai rikici ya zo ake ganinsa. Da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, sashe na 145 ya ce mataimaki zai riƙe mulki in shugaban ƙasa ya aika wa majalisa takarda, amma bai faɗi abin da za a yi in takardar ba ta zo ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu a haka, sai a Fabrairun 2010 majalisa ta fake da hujjar larura ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. A shekarar aka gyara sashen: in kwana 21 suka wuce ba takarda, majalisa da kanta za ta ba mataimaki riƙo. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya tafi Landan jinya a 2017, ya aika da takardar, Yemi Osinbajo ya riƙe.

Ɓangaren da ya fi shafar mutum kai tsaye shi ne babi na huɗu, sashe na 33 zuwa 46, inda haƙƙoƙin ɗan ƙasa suke. Ku riƙe sashe na 35 da kyau: wanda aka kama, dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, sai dai in laifin da ake zarginsa na hukuncin kisa ne. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuce yake a doka ba. In an take ɗaya daga cikin waɗannan, sashe na 46 ya ce a nufi babbar kotu. Kada ku haɗa wannan babi da babi na biyu, wanda ya yi maganar ilimi kyauta da lafiya da walwala. Sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati abin da ke babi na biyu, sai in majalisa ta yi wata doka ta musamman a kansa, kamar dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa.

Duk abin da ya gabata raba iko ne tsakanin ɓangarori uku na gwamnati ɗaya. Tarayya kuwa raba iko ne tsakanin gwamnatin tsakiya da gwamnatocin sassa, ta yadda kowacce daga kundi ta samo ikonta, ba daga ɗayar ba. Ku dubi gandu da gayauna. Maigida ya yanka wa ɗansa gayauna, ɗan yana nomawa yana sayar da amfanin, amma gonar ta maigida ce, in ya ga dama ya rage ta ko ya karɓe. Haka mulkin dunƙule yake, irin na maƙwabciyarmu Nijar, inda gwamnan Maraɗi daga Yamai ake naɗo shi. A tarayya kuwa gonar jiha tata ce da takarda, shugaban ƙasa ba shi ya naɗa gwamnan Katsina ba, kuma ba zai iya sallamarsa kamar minista ba. Akwai nau'i na uku da ya fi tarayya sassauci, inda ƙasashe masu cin gashin kansu ke haɗa wata ƙungiya maras ƙarfi, kowa kuma na iya ficewa. Amurka ta gwada shi daga 1781, majalisar tsakiya ba ta da ikon sa haraji, sai roƙon jihohi 13 take yi, ta kasa biyan bashin yaƙi. Wannan gazawar ce ta haifi taron 1787, inda aka sasanta manyan jihohi da ƙanana: a majalisa ɗaya wakilci bisa yawan jama'a, a ɗayar kowace jiha kujera biyu. Mu ma haka muka yi. Katsina tana da 'yan Majalisar Wakilai 15 cikin 360 saboda yawan mutanenta, amma sanatocinta uku ne, na shiyyar Katsina da Daura da Funtuwa, daidai da Bayelsa mai ƙananan hukumomi takwas.

Amurka jihohi ne da suka riga suka wanzu suka haɗu suka miƙa wa tsakiya wani ɓangare na ikonsu. Najeriya akasin haka ce, ƙasa ɗaya ce da Turawa suka haɗa a 1914 sannan aka riƙa yanka ta. Wannan bambanci shi ke bayyana yawancin abin da muke gani yau.

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya kawo zaɓe a karon farko, kujeru huɗu kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma majalisar ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke yi da shela. Wannan Clifford ɗin shi ne ya buɗe Kwalejin Katsina a shekarar, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, waɗanda bayan shekara 30 suka zauna teburin tsara tarayyar. Tsarin Richards na 1946 ya kafa majalisun yankuna uku, Arewa da Gabas da Yamma, amma na shawara ne. Kafin tsarin Macpherson na 1951 an nemi ra'ayi tun daga ƙauye da gunduma da lardi, har zuwa babban taron Ibadan na 1950. A can Sarkin Zazzau, da goyon bayan Sarkin Katsina, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a koma yadda ake kafin 1914. Aka ba ta. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce sai lokacin da ya dace, abin ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu. A nan kowa ya gane cewa yankunan ba za su tafi da taki ɗaya ba, aka yi taron Landan da na Legas, aka fito da tsarin Lyttelton na 1954, wanda shi ne farkon tarayya ta gaske. Gabas da Yamma suka sami mulkin kai a 1957, Arewa a 1959. Tsoron da ƙananan ƙabilu suka nuna wa hukumar Willink a 1957 da 1958 shi ya sa aka shigar da babin haƙƙin ɗan'adam a kundin 1960.

Yankunan wancan zamani suna da ƙarfin da jihohin yau ba su da shi. Kowane yana da nasa kundin tsarin mulki da wakilinsa a Landan. Arewa tana da hukumar cinikin gyada da auduga, En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, tana da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai. Kundin 1963 ya bar wa yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, Janar Ironsi ya soke tarayya da doka mai lamba 34 a watan Mayu, Arewa ta yi bore, Gowon ya dawo da ita. Amma soja tsarinsu umarni ne daga sama zuwa ƙasa, kuma a hannunsu aka yanka yankuna huɗu zuwa jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Katsina ta zauna cikin jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa jihar Kaduna, har ranar 23 ga Satumban 1987 da Janar Babangida ya ba ta jiha tare da Akwa Ibom. Duk yankan da aka yi ya kusantar da gwamnati ga jama'a, wannan gaskiya ne, amma ya rage wa kowace jiha nauyi a gaban tsakiya. Masu neman jihar Karaduwa ko Bayajida su lura cewa tun bayan yankin Yamma ta Tsakiya a 1963 farar hula ba su sake ƙirƙiro jiha ba, domin sashe na 8 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na zaɓaɓɓun wakilan yankin, da ƙuri'ar raba gardama, da amincewar yawancin jihohi, da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya.

A aikace, jadawali na biyu ne ke raba aikin. Jeri na farko na tarayya ne ita kaɗai, abubuwa 68 kamar yadda aka rubuta a 1999: tsaro, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo, hulɗa da ƙasashen waje, ma'adinai, bankuna, manyan hanyoyin tarayya. Jeri na biyu na tarayya da jiha ne tare, kamar ilimin gaba da firamare da bunƙasa noma da masana'antu. Shi ya sa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suke jiha ɗaya amma iyayen gidansu daban. In dokar jiha ta ci karo da ta tarayya a wannan jeri, ta tarayya ke rinjaye. Abin da ba ya cikin jerin biyu na jiha ne, kuma ta nan ne sha'anin masarautu ya zama na majalisar jiha, don kundin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, alhali a jamhuriya ta farko suna da majalisarsu a Kaduna. In tarayya da jiha suka yi saɓani, sashe na 232 ya ce kai tsaye Kotun Ƙoli ake zuwa. Haka Kaduna da Kogi da Zamfara suka yi kan sauyin takardun naira, kotu kuma ta yanke a Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki.

A ganina raunin tarayyarmu a wuri biyu yake, kuɗi da tsaro. Sashe na 162 ya tara yawancin kuɗin shigar ƙasa a asusun tarayya. Bayan an cire aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su, tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Jihar da yawancin kasafinta daga rabon wata-wata yake zuwa ba ta da ƙarfin ja da Abuja, kuma gwamnatin da ba harajin mutanenta ke riƙe da ita ba ba ta cika jin tsoron tambayarsu ba. Mutanen ma ba su cika tambaya ba, don ba sa jin kuɗin daga aljihunsu ya fita. A ɓangaren tsaro, sashe na 214 na kundin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasa duka. Gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan damar cewa a fara jin ta bakin shugaban ƙasa. Mutanen Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara sun san abin da wannan ke nufi fiye da kowane malamin jami'a. Wannan giɓi ne ya sa jihar ta kafa rundunar sa-ido ta al'umma a 2023. Masu adawa da 'yan sandan jiha su ma suna da hujja mai nauyi: sun tuna yadda aka yi amfani da 'yan doka a kan 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU. Duk wanda ke goyon bayan 'yan sandan jiha ya wajaba ya faɗi wa zai naɗa shugabansu, wa zai biya su, wa zai hukunta su in sun zalunci abokin hamayyar gwamna.

Ƙananan hukumomi 34 na Katsina suna da wata matsalar ta daban. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni, amma ya bar tsarinsu a hannun dokar jiha, kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensu. Sashe na 162 ya sa kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Hukuncin kotu mataki ɗaya ne. Sai an ga kuɗin a asusun ƙaramar hukuma, an kuma sami kansilolin da za su tambayi shugaba inda ya kai su.

Kundin 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami ce ta fitar da shi da dokar soja mai lamba 24, ba a yi masa ƙuri'ar raba gardama ba, ko da yake gabatarwarsa ta ce al'ummar Najeriya ce ta ba kanta shi. Masu sukarsa kan wannan suna da gaskiya. Amma yana da ƙofar gyara a sashe na 9: kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisar tarayya, wato sanatoci 73 da wakilai 240, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. In gyaran ya taɓa babin haƙƙin ɗan'adam ko sashe na 8 ko na 9 ɗin kansa, sai an sami kashi huɗu cikin biyar a majalisun tarayya. Ta wannan ƙofa aka rage shekarun takara a 2018, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Ta nan kuma a Maris 2023 aka mayar da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali jerin haɗin gwiwa, aka ba jihohi damar samar da wutar lantarki da rarraba ta ko a inda layin ƙasa ya kai. Gyare-gyare da dama sun wuce Abuja lafiya suka zo suka mutu a majalisun jihohi saboda ba a cika 24 ba, ciki har da na 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Don haka in ana maganar gyaran kundi, ku nemi sanin ranar da majalisar Katsina za ta kaɗa tata ƙuri'ar, da ɓangaren da ɗan majalisar mazaɓarku ya zaɓa.